Akwatin Udoji

A cikin kayan da aka raba bayan rasuwar mahaifinmu a shekarar 2016 akwai abu guda da babu wanda ya miƙa hannu gare shi. An ɗauki littattafai, an ɗauki riguna da buzu da agogon bango, amma akwatin nan mai fuskar azurfa, wanda nauyinsa ya kusa kilo goma, sai aka bar shi a kan kanta tare da manyan lasifikokinsa guda biyu, kowa na kallonsa kamar baƙon da ya ƙi sallama. Da yake mu ne babba, kuma mu aka sani da tara tarkace, aka ce mu tafi da shi. Haka muka ɗora shi a bayan mota daga Zariya har Badun, inda aikin koyarwa ya ajiye mu, muka tura shi ƙarƙashin teburin karatu, ya shekara bakwai babu wanda ya waiwaye shi.

Sunansa a bakin masu gyara amfilifaya, amma a gidanmu akwatin Udoji ake ce masa. Ɗalibanmu na yanzu ba za su gane wannan suna ba, don haka sai mu ɗan yi bayani. A shekarar 1974, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, hukumar da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ta ba da shawarar a yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, aka kuma biya su har da ariyas a farkon 1975. Kuɗi suka faɗo wa ƙananan ma'aikata a dunƙule irin yadda ba su taɓa gani ba. Wani ya sayi babur, wani ya ƙara aure, wani ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Malam, wanda a lokacin akawu ne mai aure ɗaya, ya sayo amfilifaya ƙirar Japan da garmaho da rikoda ta kaset. Wannan shi ne zamanin da kamfanoni irin su Sansui da Pioneer da Kenwood da Akai ke gasar ƙarfin sauti, har Pioneer ta fitar da wata a 1978 mai wat 270 a kowane gefe. Tamu ba ta shiga wannan sahu ba. Wat 30 gare ta a kowane gefe, kuma ko rabinsa Malam bai taɓa amfani da shi ba.

Amfilifaya ba ta da muryar kanta. Aikinta aikin sanƙira ne a fada: sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya ɗaga ta yadda na bakin ƙofa zai ji. Abin da ke fitowa daga kaset ko faifai ɗan siririn motsin lantarki ne wanda ba zai iya girgiza lasifika ba, ita ce ke karɓarsa ta ƙara masa ƙarfi. Sanƙiran kirki ba ya ƙari, ba ya ragi. Duk kuwa cutar da ke kama amfilifaya ba ta wuce ɗayan biyun nan ba, ko dai ta haɗiye wani abu daga cikin abin da aka ba ta, ko ta cusa nata surutun a ciki.

A daminar 2023 aka kawo mana Inna domin a yi mata aikin yanar ido. Ta zo da 'yar jakarta, kuma a ƙasan jakar, cikin ƙullin tsohon ɗankwali, akwai kaset guda. Malam ne ya ɗauki muryarsa a 1986, daren sunan ƙanwarmu, bayan baƙi sun watse, yana lissafa asalin gidanmu tun daga kakan kakansa. Inna ta ce tunda za a rufe mata ido na 'yan kwanaki, tana so ta ji shi. Muka jawo akwatin, muka kaɗe ƙura, muka sa wa rikodar sabuwar robar da ke juya kaset, muka haɗa wayoyi, muka kunna. Abin da ya fito gunji ne mai kauri daga lasifikokin biyu, sa'an nan can ƙarƙashinsa, a na dama, wata inuwar murya kamar ta mutumin da ke magana cikin rijiya. Gabanmu ya faɗi, muka ɗauka shekaru sun shafe kaset ɗin.

Wani ɗalibinmu mai wayon na'ura ya karɓi kaset ɗin, ya juye shi a kwamfuta, ya turo mana a waya. Ashe muryar tana nan, kalma bayan kalma. Da murna muka kai wa Inna, muka ɗora wayar kusa da kunnenta. Ta saurara kamar minti ɗaya, sa'an nan ta kau da kai ta ce, "Maganar tasa ce, amma wannan ba muryar Malam ba ce."

Da farko mun ɗauka rigimar tsufa ce, daga baya muka gane gaskiya gare ta. Gindin muryar namiji baligi yana kaɗawa ne wajen sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa, kuma ɗan lasifikan waya, wanda bai kai faɗin farce ba, ba shi da ƙirjin da zai fitar da sauti mai zurfi haka. Saman muryar kawai yake bayarwa, ƙwaƙwalwar mai sauraro ta cike sauran. Ga wanda ke neman ma'anar kalmomi wannan ya isa. Ga matar da ta shekara arba'in tana gane shigowar mijinta daga gyaran muryarsa a zaure, bai isa ba. Saura kwana goma sha biyu a mai da ita gida, ga shi kuma babu abin da ya rage sai a gyara akwatin.

Mai gyaran da muka fara kai wa saurayi ne, shagonsa cike da wayoyin hannu da talabijin marasa kauri. Ya buɗe, ya leƙa, ya yi dariya. Shawararsa ita ce a kwashe kayan cikin duka a zubar, a sa wani ɗan allo na zamani mai kama waƙa daga waya ba tare da igiya ba, a bar mana fuskar azurfar don ado. Ba mu ce mugun nufi gare shi ba, abin da ya iya ke nan, kuma ga mai gidan kallon ƙwallo shawara ce mai kyau. Abin da bai kyauta ba shi ne, a cikin gwaje-gwajensa ya ƙona fis, ya naɗa zaren waya a madadinsa, bai kuma gaya mana ba.

Wani mai sayar da goro a Sabo ne ya yi mana kwatancen Baba. Dattijo ne Bayarabe, ya haura saba'in, a Sabon Garin Kano ya koyi gyaran rediyo tun yana yaro, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu ɗalibanmu tsabta. Ba shi da shago yanzu sai benci a barandar gidansa. Da muka sauke akwatin muka fara zayyana masa abin da muke zaton ya lalace, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, kada ka gaya mini abin da ya lalace. Gaya mini abin da ka ji."

Muka ce gunji. Ya ce a gefe ɗaya ko a biyun? Idan an murɗa maɓallin ƙara murya, gunjin yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake? Da kunnawa yake farawa ko sai ta yi zafi? Muka yi shiru, don ko ɗaya ba mu lura ba. Mu da muke tsayawa gaban aji muna faɗa wa yara cewa kada su yanke wa waƙa hukunci kafin su saurari karinta da amsa-amonta, ga mu an kama mu da laifin da muke rage wa wasu maki a kansa. Muka miƙa masa kaset ɗin Inna domin ya gwada, ya ƙi karɓa. Ya ce abin da ba shi da na biyu ba a sa shi cikin injin da ba a san lafiyarsa ba, a mayar da shi gida.

Bai taɓa soket ba sai da ya yi kusan rabin sa'a yana dubawa da shinshinawa. A nan ya ga zaren wayar nan, ya zare shi da ɗan hantsaki, ya nuna mana ba tare da ya ce uffan ba. Fis dai an yi shi ne don ya mutu a madadin abin da ya fi shi tsada, wanda ya ɗaure shi da waya ya sayar da taransifoma ke nan don ya tsirar da abin naira ɗari. Ya duba ɗan maɓallin da ke baya wanda ake zaɓar ƙarfin wuta da shi, ya ga yana kan 240, ya ce ya yi daidai da wutarmu. Yawancin na gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka, in ji shi, a kan 120 suke, kuma sau ɗaya ake kuskuren cusa su a bango.

Ko da ya tashi kunnawa, sai ya bi da wutar ta cikin wani ƙwan lantarki mai wat 60, irin na dā mai zare a ciki, wanda ya kafa a kan katako. Hikimar abin mai sauƙi ce. Idan akwatin na da lafiya, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci sa'ad da manyan kafasitoci ke cika, sa'an nan ya dushe. Idan kuwa akwai inda wuta ke gajarce hanya a ciki, ƙwan zai tsaya da haskensa, ya shanye wutar da za ta yi ɓarna. Baba ya yi ƙorafin cewa irin wannan ƙwai ya fara wuyar samu tun da fitilu marasa cin wuta suka cika kasuwa, kuma su ba sa yin wannan aiki. Namu ya haska, ya dushe. Bayan 'yan daƙiƙoƙi aka ji ƙas! Ya ce rile ne ya kama, wato ɗan makullin da ke hana sauti isa ga lasifika har sai komai ya daidaita. Kafin ya yarda ya haɗa lasifika sai da ya ɗora mita a inda ake ɗaura wayoyinsu. A wurin, idan ba a kunna kiɗa ba, bai kamata a sami tsayayyiyar wuta ba sai 'yar kaɗan, ƙasa da kashi 50 cikin dubu na bolt ɗaya. Idan ɗaya daga cikin manyan taransistocin ƙarshe ya ƙone ya haɗe, bolt talatin da wani abu zai iya kwarara kai tsaye cikin lasifika ya gasa zaren da ke cikinsa kafin mutum ya kai hannu ga makunni. Namu duka gefen biyu sun tsallake.

Gunjin bai ba shi wahala ba. Ya saurara, ya murɗa maɓallin murya sama da ƙasa, gunjin bai motsa ba, kuma yana nan a gefen biyu daidai wa daida. Abin da ya shafi gefe biyu lokaci guda, in ji shi, daga abin da suke tarayya a kansa yake fitowa, wato ɗakin girkin wuta. Wutar gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Gunjin da ke kan 50 mai zurfi ne, yawanci daga wayar da ba ta zauna ba ko rashin kyakkyawan haɗi da ƙasa yake zuwa. Amma bayan an miƙar da wutar a cikin akwati, tudun da ke cikinta sau 100 ne a daƙiƙa, kuma manyan kafasitoci biyu ne ke share shi, kamar randar da ake zuba wa ruwa guga-guga amma ana ɗiba daga gare ta a natse. Akwai ɗanshi a cikinsu, shekaru da zafi kan busar da shi. Gunjin namu na 100 ne, mai ɗan kaifi. Da ya juya akwatin muka ga ɗaya ya kumbura, ya yi zufa mai launin ƙasa a gindi. Kafin ya taɓa su sai da ya sauke wutar da ke cikinsu ta hanyar rasista, domin suna riƙe ta ko bayan an zare soket, kuma ya nuna mana tabon da ya koya masa haka a bayan hannunsa.

Inda muka fi ƙaruwa shi ne wajen neman dalilin mutuwar gefen hagu. Sitiriyo tagwaye ne, hanya biyu iri ɗaya a cikin akwati ɗaya, tun daga mashiga har mafita. Wannan ne ya sa gyaransa ya fi na rediyo mai hanya ɗaya sauƙi, domin lafiyayyen gefe shaida ne a kan marar lafiya. Baba ya haɗa tasa rikodar da kaset ɗin da ya san lafiyarsa. Dama na waƙa, hagu shiru. Ya musanya lasifikokin, shirun bai bi lasifika ba, ya tsaya a mafitar hagu, ke nan lasifika ya kuɓuta. Ya musanya wayoyin da ke shigowa daga rikoda, shirun bai gusa ba, rikoda da wayoyinta sun kuɓuta. A bayan akwatin akwai wasu 'yan ƙarafa biyu lanƙwasassu da ke haɗa sashen farko, mai zaɓe da gyara sauti, da sashen ƙarshe mai ba da ƙarfi. Ya zare su, ya gicciya haɗin da wayoyi, sai shirun ya yi tsalle ya koma dama. Ke nan sashen ƙarfi lafiya lau yake, cutar tana sashen farko. Cikin minti biyar, ba tare da ya kunna ƙarfen dalma ba, ya wanke kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake tuhuma.

Muna zaune a kan bencin nan sai muka tuna shekarun da muka yi muna kwatanta kwafe-kwafen wata tsohuwar waƙa ta ajami domin digirinmu na uku. Idan kwafi ɗaya ne a hannunka, duk baitin da ya karye sai dai ka yi hasashe, hasashe kuwa yakan bi son zuciyar mai yinsa. Idan biyu ne, sai ka jera su, inda suka saɓa nan ne hannun mai kwafi ya zame. Mun faɗa wa Baba haka, ya ce shi bai san ajami ba, amma ya san masu gyara da yawa da ke canja kaya goma don ba su iya jera biyu ba.

Mai laifin, da aka kai gare shi, abin kunya ne don ƙanƙantarsa. Wani maɓalli ne da ake dannawa idan za a saurari kaset. Baba ya ɗan jijjiga shi, sai hagu ya yi tari ya kama waƙa, ya saki, ya mutu. Shekara arba'in ƙurar hunturun Zariya tana shiga cikinsa tana kwanciya a bushe, ba ta hana shi aiki ba. Da muka kawo shi Kudu, laimar Badun ta same ta, ta zama laka, ta bi ƙarfen da tsatsa. Wato mu ne muka ƙarasa shi da ajiyar da muka yi masa. Ya fesa masa maganin wanke mahaɗar lantarki, ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu sa man da makanikai ke kwance ƙusa da shi, sa'an nan ya danna shi ya saki ya fi sau hamsin. Haka ya bi sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Muka ɗauka an gama, ya ce mu dawo jibi. Akwai cutar da ba ta fitowa sai jiki ya yi ɗumi. Kuma haka aka yi: bayan kamar minti goma da kunnawa, hagu ya fara ƙara kamar ana soya gugguru. Ya rage murya har ƙasa, ƙarar ba ta ragu ba, ke nan bayan maɓallin murya take. Ya bi allon yana ƙwanƙwasawa da tsinken katako ko akwai dalmar da ta tsage, ya sami biyu ya sake narka su, amma gugguru bai daina ba. Daga nan ya jiƙa auduga da sifirit yana ɗora wa ƙananan taransistoci ɗaya-ɗaya don ya sanyaya su. A kan na huɗu ƙarar ta ɗauke ɗif. Lambarsa 2SC458, ƙafafunsa sun yi baƙi ƙirin, kuma masu gyaran kayan wancan zamani sun daɗe da sanin halinsa. Ya canja shi, ya canja ɗan'uwansa na dama ko da yake bai fara ba tukuna, yana duba jerin ƙafafun sabon sau biyu, domin ba kullum suke zuwa a tsari ɗaya da na tsohon ba.

Mun tambaye shi ko ba gara a canja dukkan ƙananan kafasitocin ba tunda an riga an buɗe, don mun karanta cewa masu sha'awar irin waɗannan akwatuna a Turai da Amurka haka suke yi. Ya ce ba laifi ba ne ga mai lokaci da kayan da ya amince da su, amma a fara gano cutar tukuna. Wanda ya canja abu arba'in a tashi ɗaya, idan sabon surutu ya ɓullo, a cikin arba'in ɗin nan zai nemi kuskurensa, ga shi kuma jabun kaya sun yi yawa a kasuwa. A namu ra'ayin dattijon ya fi su gaskiya, ko da yake mun san hannunsa ya fara rawa, kuma wataƙila wannan ma yana cikin lissafinsa.

Saura kwana uku Inna ta tafi muka dawo da akwatin gida. An cire mata bandeji amma haske na damunta, don haka aka kashe fitilar falo. Muka sa kaset, muka danna. Muryar Malam ta fito daga hagu, cikakkiya, har da ɗan kaurin nan da take yi idan ya gaji. Dama kuwa shiru, sai ɗan huci. Zuciyarmu ta tsinke, muka ce wani abin ya sake lalacewa a hanya, har mun ɗauki waya za mu kira Baba. Sai muka ajiye ta, muka zagaya bayan kanta, muka musanya wayoyin rikoda. Murya ta koma dama, hagu ya yi shiru. Ke nan akwatin ba shi da laifi, haka kaset ɗin yake. Rikodar Malam tana da ramin makirufo biyu, shi kuwa makirufo ɗaya gare shi, a ramin hagu ya cusa shi a daren nan na 1986. Shi ya sa ranar farko, da gefen hagu ke mace, ba mu ji komai ba sai inuwar da ta tsallaka. Muka mayar da wayoyin, muka danna maɓallin da ke haɗe gefen biyu su zama ɗaya, muryar ta dawo tsakiyar ɗaki.

Inna ba ta kiran sunanmu, kasancewarmu ɗan fari. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har Malam ya wuce kakansa ya kai kan wanda ya fara zuwa Zariya da fatauci. Can sai ta ɗago hannu.

"Kai, rage masa kaɗan. Malam ba ya ɗaga murya haka."

Muka rage.

"Ƙara ragewa. Yauwa, tsaya nan."

Muka duba maɓallin da hasken waya, yana tsakanin 2 da 3, daidai inda yatsan Malam ya goge fentin lambobin.